Mai Jan Bajimin Ƙarfe

Ku matso kusa, ku gyara zama, mai shayi ya riƙe kofinsa da kyau. Labarin yau ba na dariya ba ne, ko da yake akwai wuraren da murmushi zai kufce muku, ban kuwa hana ba. Labarin Mang Engkos ne, wato Kawu Engkos a yaren mutanen nan, mai gyaran kujerar babur a bakin layinmu nan Bandung, can gangaren da ruwa ke kwanciya in damina ta kankama.

In ka wuce rumfarsa babu abin da zai sa ka waiwaya. Dattijo ne gajere, mai sanƙo, haƙorinsa ɗaya na gaba ya daɗe da yin ƙaura, ga shi yana ɗan jan ƙafar hagu tun wata faɗuwa da ya yi a kan babur yana saurayi. Yini yake yana yankan soso, yana shafa gam, yana ɗame fatar roba a kan kujera. Magana kuwa sai ka ci sa'a. Ka kawo masa kujera a yage, ya juya ta, ya ce, "Jibi." An gama hira ke nan.

Matarsa Popon ita ta kwashe rabon maganar gidan gaba ɗaya. Mace ce mai jiki, mai murya, wadda in tana ciniki da mai kayan miya a farkon layi, na ƙarshen layi ya san yadda albasa ta kwana. Takan ce, "Ni bango na aura. Amma dai bango ne mai kawo cefane, to na gode Allah." Shi kuwa sai ya ci gaba da yankan sosonsa, gefen bakinsa na ɗan motsi. Haihuwa ce Allah bai ba su ba. Sun yi nema, na asibiti da na gargajiya, har suka gaji suka bar wa Mai bayarwa.

To ashe bangon nan yana da abin da ya ɓoye. Tun yana yaro a ƙauye yakan leƙa ta tagar gidan mai gari ya ga ƙattan ƙarfe suna dambe a talabijin, abin kuwa bai taɓa barin ransa ba. Da girma ya zo, ragowar soso ta yi ta taruwa a rumfa, sai ya fara kwasarta yana kaiwa ɗakin baya. Wata rana Popon ta tura ƙofa tana neman tsintsiya, ta tarar da mijinta zaune a kan bokiti da wani ƙaton kai a wuyansa, mai ƙaho biyu, an shafe shi da fenti ruwan azurfa.

Ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta kira shi yadda matan nan ke kiran maigida. "Kang, mene ne wannan?"

Murya ta fito daga ciki, a shaƙe. "Bajimi ne."

"Na ga bajimi ne. Tambayata, mu za mu yi layya da shi ko maƙwabta?"

Ta zagaya shi, ta latsa ƙahon, ta leƙa ƙarƙashin wuyan, ta ce, "Cikin nan zai goge maka kunne. Cire in sa masa shafi."

Ita ta ɗinka masa shafin, ita kuma ta jiyo a bakin 'yar maƙwabta cewa akwai taron da ake yi duk shekara a babban zauren baje koli, inda matasa ke yin shigar jaruman zane na talabijin da na littattafai, abin da suke kira kosfile. Da ƙirji da kafaɗu da ƙafafu suka kammala, ta ce ba za ta zauna da sa a ɗaki yana cin wuri a banza ba. Ta tasa mijinta gaba.

Zuwan farko babu kuskuren da ba su yi ba. Ya sa sabon takalmi, kafin azahar ƙafarsa ta yi bororo. Bai ci komai ba don tsoron bayan gida. Sun bi layin shiga cikin rana, gam ya narke, ƙaho ɗaya ya langaɓe kamar kunnen tsohuwar akuya. Amma duk wannan mai sauƙi ne. Wata 'yar yarinya ta zo ta kama yatsansa ta ƙi saki, tana kallon Bajimi kamar ta ga farin wata ya sauko ƙasa. Zafi ya ishe shi, sai ya sa hannu ya cire kan nan a gabanta. Yarinya ta ga bajimin ƙarfe ya tsige kansa, wani mai sanƙo da giɓi ya fito yana ɗigar gumi. Kukan da ta yi bai taɓa barin kunnensa ba.

Daga ranar ya kafa wa kansa doka: ba a cire kan Bajimi a gaban mutane, kuma Bajimi ba ya magana. A bayan motar kayan wani abokinsa yake shiryawa, an rufe da tamfol, a nan kuma yake tuɓewa. Shekara ta bi shekara a haka, har waɗanda suka fara zuwa da kayan makaranta suka koma zuwa da goyo. Kowa a zauren nan ya san Bajimin Ƙarfe, babu wanda ya taɓa ganin na ciki. Mu 'yan layi mun san fuskarsa amma ba ma zuwa taron. 'Yan taro sun san Bajimi amma ba su san layinmu ba. Popon kaɗai ke da ƙafa nan da can.

Abin da ba kowa ya sani ba, mai irin wannan shiga makaho ne. Idanun Bajimi fitilu ne kawai. Wurin ganinsa wata 'yar raga ce a ƙarƙashin haɓa, mai kallon ƙasa. Duk shekarun nan abin da Engkos ya gani na taron shi ne daɓe, da takalman mutane, da koren silifas ɗin Popon suna tafe a gefensa. Tana riƙe da wuyan hannunsa. In ta matsa, ya tsaya. In ta ja ƙasa, yaro ne a gabansa. Bakinta kuwa ba ya hutawa.

"Matakala, Kang. Ɗaga ƙafa, ba tsakar gidanka ba ne."

"Juya dama, ana son hoto. Dama na ce. Shekara nawa kana cin abinci da ita ba ka san ta ba?"

Yara kuma akwai gaisuwar da yake musu, don kada a maimaita na yarinyar nan. Sai ya karci ƙasa da ƙafar hagu, wadda da ma take ja, kamar sa zai yi karo, sannan ya sauka a hankali a kan gwiwa, ya sunkuyar da kai har ƙahon ya zo daidai hannun yaro. Ɗingishin da yake jin kunyarsa a titi, a zauren nan shi ne tambarinsa.

Popon kuwa ta zama uwar taro. Tana rataye da wata jaka da ya ɗinka mata da ragowar fatar kujera, rabi ja rabi baƙi. Ciki akwai allura da zare kala-kala, da fil, da gam, da filasta, da alewar citta, da gorar ruwa mai bututun zuƙa don masu rufaffen baki. Wanda fiffikensa ya ɓalle, wadda hular gashinta ta zame, wanda jiri ya kwasa, duk wurinta ake kawowa. Sabon zuwa kuwa tun daga ƙofa take gane shi.

"Ke mai wutsiya, zo nan. Yau kika fara ko? Kin karya? To jarumar da ba ta karya ba, mu ga yadda za ta ceci duniya."

Ta tura mata alewa a baki, ta ɗage mata wutsiyar ta maƙale da fil kada a taka. Tana ɗinki tana faɗa, su kuma suna dawowa. Ba a daɗe ba suka bar ce mata Popon, suka koma Ambu, yadda ɗa ke kiran uwarsa. Ranar da aka fara kiranta haka, a hanyar gida ba ta ce uffan ba, abin da Engkos bai taɓa gani ba. Sai da suka shiga layi ta ce, "Ka ji abin da suka ce mini?" Ya ce ya ji. Ta ce, "To."

Ciwon suga ya daɗe yana bin ta, tana masa tsiya yana mata. Bara ya gangara ƙoda. A gadon asibiti, wata la'asar, ta kama wuyan hannunsa yadda ta saba, ta matsa.

"Kang, yarana ba su san ina kwance ba. Ban faɗa ba, kada su cika asibitin mutane da takubba. In ta faru, kada su tsinta a waya. Ka je da ƙafarka, ka faɗa musu da bakinka, su yi mini addu'a. Jakar kuma ka ba wadda za ta iya."

"Ba su san ni ba, Pon."

"Laifin wa? Bakin nan da ka adana shekara da shekaru kamar kwanon gado, ai ranar amfaninsa ce ta zo."

A farkon damina ta rasu, da hantsi, kafin la'asar mun kai ta makwancinta. 'Yan layi sun cika gidan, amma cikin masu ce mata Ambu ko mutum ɗaya babu, don babu wanda ya ji. Wayarta a kulle take, shi kuma bai san kan irin waɗannan wayoyi ba. Ta yi ta tsuwa a cikin durowa kwana da kwanaki, har caji ya ƙare ta yi shiru. Bayan an watse, gidan ya yi shirun da ko Engkos, sarkin shiru, bai iya ɗauka ba. Sai ya kunna rediyo ya bar ta tana surutu a kicin, ba don yana saurare ba.

Da lokacin taro ya zagayo, ya shiga ɗakin baya ya sauko da Bajimi. A tunaninsa in ya je a haka za su gane shi, magana ta zo da sauƙi. Ya sa ƙafafu, ya sa ƙirji, sannan ya kai hannu baya. Igiyoyin ɗaurin duk a gadon baya suke, inda hannun mai sawa ba ya kaiwa. Shi da kansa ya tsara su a haka, don bai taɓa kawo wa ransa ranar da zai shirya shi kaɗai ba. Ko da ma an ɗaure masa, wa zai ja shi? Ya zauna a kan bokitin nan, rabi mutum rabi sa, ya daɗe. Sannan ya tuɓe, ya sa rigar batik ɗinsa ta zuwa ɗaurin aure, ya rataya jakar, ya fita ya tari mota.

Yana shiga zauren jiri ya ɗebe shi. Bai taɓa sanin rufin yana da tsawo haka ba. Ga fitilu, ga alluna, ga gashi shuɗi da kore da ruwan hoda, ga fuskoki ko'ina, babu ko ɗaya da ya sani. Wani saurayi mai kunnen zomo ya kauce masa da ladabi ya ce, "Mang, in ɗanku kuke nema, wurin cigiya yana can." Engkos ya sunkuyar da kai don kunya. Yana sunkuyawa kuwa sai ya gane inda yake. Ga daɓen nan mai tsaga kusa da ginshiƙi. Ga takalmin mai dogon mashi, da ke cin gefe ɗaya. Ga na tagwayen nan masu rigima. Garinsu ne, amma daga gwiwa zuwa ƙasa.

Sai ga wasu dogayen takalma farare sun tsaya a gabansa, dunduniyar ɗaya da tabon gam. Ya san su, ya san mai su. Yuyun ce, wadda Popon ta tsinta shekarun baya tana kuka a banɗaki, 'yar sakandare, rigarta ta yage tun daga ƙofa. Yanzu ita ke tsara masu hawa dandamali. Ya ɗaga kai ya ga fuskarta karo na farko: mace mai tabarau, da zanen azurfa a kumatu.

Ba shi take kallo ba, jakar take kallo. "Mang, ku yi haƙuri, wannan ba jakar Ambu ba ce?"

Ga ƙofa ta buɗe, saura ya shiga. Ya buɗe baki, harshen ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa.

"Ita ta aiko ni," ya ce.

"Au, ku ne mai motar da ke kawo su? Ina take? Mun yi ta kira, waya a kashe. Bajimi fa?"

"Suna gida."

"To ku ce mata mun yi fushi. Ta bar mu muna yawon aron fil kamar marayu." Wani ya ƙwala mata kira daga dandamali, ta juya. "Ku zauna, Mang, ina zuwa."

Bai zauna ba. Ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Ya yanke shawarar ya ajiye jakar wurin masu gadi ya kama hanya, in ya so Popon ta yi masa faɗan a lahira, da ma ya saba.

Ya kusa matakalar lantarki mai sauka ƙasa ke nan sai ya hangi wata ƙatuwar mujiya, kai kamar randa, fukafukan soso har ƙasa. Tana tafe tana laluben daɓe da ƙafa, babu kowa a gefenta. Mutane na ɗaukar ta hoto suna dariya, sun zaci tangaɗin cikin wasan ne. Engkos kuwa ya san wannan tangaɗi. Saura ƙiris ta kai bakin matakala ya kama wuyan hannun da ke ƙarƙashin fiffike, ya matsa.

"Tsaya. Matakala ce."

Mujiya ta tsaya cak. Ɗaya hannun ya tashi zai cire kan.

"Kada ka cire a nan, akwai yara. Biyo ni. Ɗaga ƙafa, ba tsakar gidanka ba ne."

Sai da maganar ta fita ya ji ko ta wace ce.

Ya ja shi bayan wani labule kusa da ƙofar shigo da kaya, ya taya shi sauke kan. Ashe ba yaro ba ne, magidanci ne da ya ba talatin baya, fuska ta yi fari fat, gashi ya manne da gumi. Sunansa Nandang, a kantin magani yake aiki. Engkos ya miƙa masa gorar ruwa, ya kafa kai.

"A hankali, ba rijiya ba ce. Ka ci abinci?"

"A'a, Mang. Na ji tsoron kada bayan gida ya kama ni a cikin wannan."

"Sai ka zaɓi suma. Takalmin nan fa?"

"Jiya na saya."

"Allah ya shirye ka. Mujiya da takalmin ango." Ya ciro dunƙulen shinkafa a ganyen ayaba da ya yo guzuri, ya ba shi. "Ci. Wa ya rako ka?"

Nandang ya kalli ƙasa. "Ba kowa. Matata ta san ina haɗa ta, amma na ce mata yau aiki zan je. Da girmana, Mang. In abokan aiki suka ji, na kaɗe."

Engkos ya durƙusa yana manna masa filasta a dunduniya. "Komai za ka manta, ka manta. Gam, fil, ruwa, duk akwai mai ba ka aro. Amma mai rufaffen kai ba ya zuwa shi kaɗai. Wannan ba a aronsa." Ya danne filastar da yatsa. "Baɗi ka zo da ita. In ta yi maka dariya, bar ta ta yi. Daga baya ake sanin daɗinta."

"Ku kun taɓa yin shiga ne, Mang?"

"Na ɗan taɓa."

Ya liƙe masa gefen fiffiken da ya ɓalle, ya hura har ya kama. Yana yi yana magana, shi da a yini ba a cika jin muryarsa ba: kada ya tsaya a rana, gam ba ya shiri da ita, in ya ji kunnensa na ƙara ya nemi bango ya jingina, kada ya dafa kowa don hoto sai an yarda, shi ma kada ya bari a ja masa fiffike. Nandang na ta gyaɗa kai, baki cike da shinkafa.

"Abu ɗaya ke damuna, Mang. Don yara na yi ta, amma guduna suke."

"Ba dole ba, ka tsaya musu a ka kamar hedimasta? Sauka ake yi. Mai da kan, mu je."

Suka fito, Engkos na riƙe da wuyan hannunsa. Ba su yi nisa ba sai ga wani ɗan yaro ya ɓuya a bayan uwarsa yana leƙen mujiya da ido ɗaya. Engkos ya ja hannun ƙasa. Mujiya ba ta gane ba, ta tsaya ƙiƙam.

"Ta ragar nan kana ganin ƙafata? To duba."

Bai tsaya tunani ba, jiki ne ya tuna. Ya karci ƙasa da ƙafar hagu, ya sauka a hankali a kan gwiwa, ya sunkuyar da kai. Babu ƙaho, sai sanƙo yana ƙyalli a ƙarƙashin fitila. Yaron ya saki rigar uwarsa, ya tako, ya ɗora tafinsa a kan sanƙon, ya ƙyalƙyale da dariya.

Sai Engkos ya ji hayaniyar da ke kusa da shi tana mutuwa. Takalma suka fara taruwa a gabansa, sanannu duka. Fararen nan masu tabon gam suka ratso suka tsaya.

"Bajimi?" in ji Yuyun, can ƙasa-ƙasa.

Bai ɗago ba. Kallon daɓe ya fi masa sauƙi, don a haka ya san su.

"Ni ne, Neng Yuyun," ya ce, ya kira ta yadda ake kiran budurwa a nan.

"To in ku ne nan, wa ke..." Ta sake duban jakar. "Mang, ina Ambu?"

"Ɗazu ban faɗa miki daidai ba. Aiko ni ta yi, wannan gaskiya ne. Amma ba ta gida." Ya dafa jakar. "Allah ya yi mata rasuwa tun farkon damina. Ta ce in zo da ƙafata in faɗa wa yaranta, su yi mata addu'a."

Fararen takalman suka lanƙwashe, Yuyun ta zube a daɓe a gabansa. Wani daga baya ya yi salati. Labarin ya bi zauren daga baki zuwa baki. Kiɗan dandamali ya ɗan ci gaba shi kaɗai, sannan wani ya kashe shi.

Masallacin zauren wani ɗan ɗaki ne a ƙasa, kusa da wurin ajiye motoci. Saura kaɗan a fara gasar hawa dandamali, kuma cikinsu akwai waɗanda tun asuba suke gaban madubi suna zana fuska. Babu wanda ya ce su yi. Suka jeru a bakin famfo suka wanke. Azurfa da shuɗi da ja suka bi ruwan alwala suka gangara kwata. Takubban soso da garkuwoyi suka jingine a bango, kawuna suka jeru a ƙasa kamar tulunan masu ɗiban ruwa. Waɗanda ba musulmi ba suka tsaya a ƙofa shiru, riƙe da fukafukan 'yan'uwansu. Wani saurayi da ɗazu yake sarkin aljanu ya goge fuska ya shiga gaba, aka yi mata sallar jana'iza daga nesa, sahu har waje.

Da aka sallame Engkos ya waiwaya. Yau ga su duka babu fenti, shi ma babu ƙaho. Ashe wasu har sun fara furfura. Suka yi ta zuwa suna kama hannunsa suna kaiwa goshi, kowa da abin da Ambu ta taɓa ɗinke masa. Shi kuwa sai ya riƙa satar kallon ƙafar mutum don ya gane shi, amma an tuɓe takalma a ƙofa. Dole suka riƙa faɗa masa sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Ya sauke jakar ya miƙa wa Yuyun. Ta rungume ta, ta ce ita ba ta iya faɗa irin na Ambu ba. Ya ce ana koya. Ta cire tabarau ta share ido da bayan hannu.

"Mang, baɗi ku zo da Bajimi. Ni zan riƙe ku. Na sha ganin yadda take yi."

Nandang, da kan mujiya a hammata, ya ce shi kuma zai zo har gida ya ɗaure masa igiyoyin.

Engkos ya dubi wuyan hannunsa, ya shafa shi da babban yatsa. Ya lalubo takalminsa a cikin tarin, ya hau mota, ya dawo layinmu ana ruwa, kafaɗarsa babu komai.

Yana nan a rumfarsa har yau, yana yankan soso, yana ce wa masu babur, "Jibi." Bajimi na rataye a ɗakin baya an lulluɓe shi da zanen Popon, koren silifas na ajiye a ƙarƙashinsa. Yuyun ta gano layinmu, takan kawo masa abinci. Nandang ma ya zo da matarsa, wadda da aka ba ta labarin takalmin ango ta yi dariya har ta riƙe ciki. Engkos ya saurari dariyar nan, sannan ya tashi ya shiga ciki, ya daɗe bai fito ba.

Ga lokacin taro na ƙaratowa. Duk sanda suka taso masa da maganar sai ya ce, "Tukuna." Sau ɗaya ne kawai ya ƙara a kai. Ya ce ba hannun Yuyun yake tsoro ba, ya san ba za ta bari ya faɗi ba. Abin da yake tsoro shi ne a cikin duhun nan a matsa masa hannu, ya dubi ƙasa ta ragar, ya ga ba koren silifas ba ne.

To ku da kuka zauna kuka ji, me za ku ce masa? Mutumin da ya yi shekara da shekaru cikin duhu yana bin hannu ɗaya, ya sake sa kan nan ya miƙa wuyan hannunsa ga wani, ko kuwa ya bar Bajimi ya huta tare da mai jan sa?